Ƙafar Malam da Bakin Rumbu

Asabar, bayan la'asar. Tsakiyar damina.

Kamilu ya zo daga Bici a kan babur ɗinsa mai tari, ya same ni ina tankaɗe. Ya ce, "Yaya Luba, ina mai jikin?" Na ce yana ɗaki yana mulkin katifa, in kana da ƙarfin hali ka shiga.

Tun ranar da maigidana ya faɗo daga tsanin rumbu gidan nan bai koma daidai ba. Mai ɗori ya zo ya lallatsa, ya ce babu karaya, ƙugu ne ya bugu, gwiwar dama kuma ta ɗan goce. Ya shafa abin da zai shafa, ya ce a huta. To, an huta. An huta har ƙafa ta sandare kamar taɓarya. Salla a zaune, bayan gida da sanda, in ƙuda ya sauka a gwiwar sai an yi salati.

Kamilu ƙanena ne, wasannin motsa jiki yake koyarwa a sakandare, kuma akwai wasan ƙanin mata tsakaninsa da Malam, shi ya sa na kira shi. Ni in na yi magana sai a ce na faye mita. Ya duba ƙafar ya ce kwanciyar ce ke kashe ta. Ya lallaɓo Malam zuwa tsakar gida, ya dafa bango, ya fara lilo da ƙafa gaba da baya, sannan gefe da gefe. Ya saki bango ya yi tafiya yana ɗago gwiwa har ƙirji. Ya riƙe ƙugu yana juya shi. Ya ce ba a jan jijiya tana sanyi, sai an ɗumama ta da motsi, a fara ƙanƙane a riƙa ƙara faɗi, in an ji zafi mai suka a tsaya.

Malam ya gama kallo tsaf, ya ce, "Kamilu, wannan ai rawa ce. Ashe rawa kake koya wa 'ya'yan mutane?"

"Da ka iya ta, Malam, ai da ba ka faɗo ba."

Na zaci zai yi dariya. Sai ya haɗe rai ya ce a miƙo masa sandarsa.

Bari in faɗi abin da ya dame ni, don ba tausayin ƙafar kaɗai ba ne. A gidan nan ba mai shiga rumbu sai maigida. Haka aka gada tun zamanin mahaifinsa. Ba mace, ba ƙane, ba ɗa. Rumbun ƙasa ne, bakinsa a sama. Sai ka hau tsani, ka ɗage murfi, ka ɗaga ƙafa ka tsallaka bakin, sannan ka dira ciki. Shi ke fito da damin gero, ni in sussuka. Tun da ya faɗo ba a fito da ko zangarniya ɗaya ba. Buhun dawar da na samu a gayaunata bara, shi muke ci, ni da shi, da Inna mahaifiyarsa, da ƙaninsa Muntaka, da 'yarmu Asiya da ƙannenta biyu. Kasuwar Makoda kuwa, wanda ya je ya tambayi kuɗin kwanon gero bana sai ya dawo gida yana magana shi kaɗai. Geron gona ko kai bai fitar ba.

Saboda haka ƙafar nan dole ta tsallaka bakin rumbu kafin buhuna ya ƙare. Ko rawa ce, sai an yi ta.

Lahadi, da hantsi.

Ya ƙi.

Litinin, bayan sallar asuba.

Ya yarda, amma da sharuɗa kamar mai sayar da gona. A bayan ɗaki za a yi, kusa da danga, kafin yara su tashi, kuma ni ma sai na yi, wai don ya ga yadda ake. Ni Luba, da 'ya'yana uku, na tattare zani na dafa bango ina lilo da ƙafa. Shi kuma ya tsaya a gefe yana ɗan motsa tasa kamar mai korar kaza daga shanya.

Na ce, "Malam, daga ƙugu ake saki, ba daga yatsu ba."

Ya ce, "Ƙugun wa?"

Da muka zo juya ƙugu ya ce wannan kam ko a gaban alƙali ba zai yi ba. Na ce ba kowa sai ni da akuya. Ya ce akuyar ma ta ishe shi. Daga ƙarshe ya yi, yana kallon sama, fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Sai na ji ƙugun ya yi ƙas. Ya tsaya cak, ya ce, "Kin ji ko? Kin karya ni." Na ce taka mu gani. Ya taka lafiya lau. Bai ce an gode ba, ni ma ban sa rai ba.

Laraba, da hantsi.

Hure maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga muna tsakiyar ɗaga gwiwa. Ta ce, "Luba, lafiya kuwa? Tun shekaranjiya nake ganin ƙafafu suna wucewa ta ramin dangar nan. Biki ake ba a gayyace mu ba?" Malam ya saki bango ya shige ɗaki, kuma na lura bai nemi sanda ba sai da ya kai bakin ƙofa.

Na yi mata bayani. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Duk don rumbu? Yo ke, rumbun da..." Sai ta katse, ta ce wai ta bar tukunya a wuta. Hure da ba ta barin magana ko gobara ake. Ban bi ta ba, ina da aiki.

Buhu ya sauka zuwa ƙugun Asiya.

Alhamis, bayan azahar.

Muntaka ya dawo daga gona, ya ajiye fartanya, ya zauna a inda yake zama. Shi kaɗai ke riƙe da gonarmu yanzu, kuma ba laifi yana yi. Amma da, ni da Muntaka ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Ya ce miyata ta yi tsalle ta tsallake gishiri, in ce matar da za ta aure shi sai an haɗa mata da haƙuri a lefe. Yau na ce masa, "Ƙanin miji, zo ka koyi rawa kai ma." Ya ce, "To." Shi ke nan. To.

Ba zan rubuta zancen tafiyarsa ba. Ya tafi fatauci da rani, mutanen daji suka tare motarsu, ya daɗe a hannunsu, ya dawo. Alhamdu lillahi. Makon da ya dawo ma ba na nan, ina gidanmu wajen sunan ƙanwata, Malam ya aiko in ƙara kwanaki in huta. Malam da in na je unguwa tun kafin la'asar yake aiko yaro. Na dawo na tarar da Muntaka a gida, rabin jikinsa, ba wanda ya ce min yadda aka yi, ni ma ban tambaya ba. Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na cika rabin shafi.

Juma'a, da safe.

Lilo, gwiwa, ƙugu, mita. Tasa mitar da tawa.

Asabar, bayan la'asar.

Kamilu ya dawo da sabon salo. Wai sunansa buɗe ƙofa. Ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka ɗago gwiwar ɗayar a gabanka, ka juya ta waje kamar ƙyaure, ka ajiye. Sannan ka dawo da ita ciki, wannan shi ne rufe ƙofa. Malam ya ce shi a gidansu da hannu ake buɗe ƙofa. Kamilu ya ce, "A gidanku kuma da ƙafa ake shiga rumbu, Malam. Duba ka gani, ai motsin ke nan sak."

Gaskiyarsa ne. Yaron ya je gindin rumbu ya auna da ido, ya ce daga matakin ƙarshe na tsani zuwa baki bai wuce tsayin turmina ba. Ya kwantar da turmin a ƙasa ya ce a fara tsallake shi a kwance, gaba da baya, bayan an gama ɗumama jiki, ba kafin ba. In an saba a tayar da shi tsaye.

"Ranar da ya tsallake turmi a tsaye, Yaya Luba, ranar za ku ci tuwon gero."

Ya miƙa hannu zai dafa jikin rumbun yana maganar, sai Malam ya daka masa tsawa. "Kai, matso daga nan!" Har kaji suka watse. Kamilu ya ɗaga hannuwa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, ban san da amarya a ciki ba." Ba wanda ya yi dariya sai Asiya, ita ma ta haɗiye.

Turmi a kwance ya tsallake shi ba ko nishi. Na ji daɗi har na ƙara mai a miya, abin da nake da-na-saninsa yanzu.

Litinin, bayan asuba.

Yau dogon taki. Ka jefa ƙafa gaba, ka sauke gwiwar baya kusa da ƙasa, ka miƙe, ka canza ƙafa. Dole in tsaya a gabansa in riƙe masa hannuwa. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa durƙusa wa mace ba sai ita. Na ce ba ni kake durƙusa wa ba, tuwo kake durƙusa wa. Ya yi, kuma ya yi da kyau, har ya fi ni, don ni cinyata ta fara rawa tun a na farko.

Abin haushi, ciwon bayan da nake fama da shi tun haihuwar auta ya tafi. Ni da ba a nema wa magani ba ni na warke.

Laraba, bayan magariba.

Inna ta ture kwanon tuwo ta ce dawar nan ta ishe ta, kunun gero take marmari. Idonta ya yi rauni sosai bana, amma harshenta da kunnenta ba abin da ya same su. Na ga dama ta samu, na ce, "Malam, tun da ƙafa ba ta kai ba tukuna, me zai hana Muntaka ya hau ya fito mana da dami ɗaya? Ai ɗan gida ne, sau ɗaya ba zai rushe al'ada ba."

Muntaka ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya wanke hannu, ya fita.

Malam ya ce, "Ina raye?"

Na ce, "Kana raye, mu ma muna so mu rayu."

Ya ce, "Luba, ki kiyaye ni."

Na kiyaye shi. Na kwashe kwanuka da ƙarfi yadda kowa zai san na kiyaye shi. Inna kuwa tana ta jan carbinta. Ita da ta tayar da zancen.

Buhu ya sauka zuwa gwiwa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Ya tafi Juma'a da ƙafarsa, sanda a hannu amma ba ta taɓa ƙasa sai ya hango mutane. Da safe na gan shi ya yi sujada ya zauna tahiya kamar kowa. Amma da na tayar da turmi tsaye, sai ya ɗaga ƙafa rabi ya ce wash, ya dafe ƙugu, ya ce jijiya ta riƙe. Jiya ma jijiya ta riƙe. Wannan jijiya ta san turmi, da ta gan shi take riƙewa.

Lahadi, bayan la'asar.

Ruwa ya sauko da azahar kamar da bakin ƙwarya. Ina madafa ina kare wuta, sai na ji 'yar akuya tana kuka, ruwa ya cika turke. Kafin in ajiye muciya sai ga Malam ya fito a guje. Katangar turken nan ta fi turmina tsayi, na sani, don ni ke jingina turmin a jikinta. Ya ɗaga ƙafar dama ya juya ta waje ya tsallaka, ya sunkuci 'yar akuya, ya sake tsallakowa da ita a hannu. Buɗe ƙofa, rufe ƙofa, kamar Kamilu ne da kansa.

Ya juyo muka haɗa ido. Ruwa na zuba a kansa, akuya na kuka a ƙirjinsa. Sai ya kama ɗingishi ya nufi ɗaki. Da ƙafar hagu.

Ban yi dariya ba. Na tsaya da muciya a hannu har tuwo ya kama.

Litinin, da hantsi.

Na wuce ta gindin rumbu sau da yawa yau. Ban ƙwanƙwasa ba.

Litinin, bayan azahar.

Na ƙwanƙwasa. Kowace mace ta san kukan tulu in babu ruwa a ciki.

Talata, bayan asuba. Ban fita bayan ɗaki ba.

Ya zo bakin ƙofa ya yi gyaran murya, wai lokacin motsa jiki ya yi. Yau shi ke tuna min. Na ce kaina ke ciwo.

Raina a ɓace yake, kuma zan faɗi a kan me. Ba a kan hatsin da aka sayar aka fanso Muntaka ba ne. Wallahi da an tambaye ni, da na haɗa da zannuwana da akuyar da tukwanen, in dai Muntaka zai shigo ta ƙofar nan da ƙafarsa. Wa zai ce a bar mutum a daji saboda gero? Abin da ya ƙona min rai shi ne an mayar da ni yarinya. An tura ni gida in huta. An bar ni ina tsallen turmi da asuba kamar mai taɓin hankali, Hure na leƙe tana danne dariya, ita ta sani ni matar gida ban sani ba. Kuma da an faɗa min tun farko, ai ba haka zan taɓa buhun nan ba. Da tuwo sau ɗaya ne a rana tun tuni. Da na shanya rama da tafasa, da na riƙa haɗawa da rogo tun yana da sauƙi. Na yi ta ɗiba da hannu a sake saboda ina ganin rumbu na tsaye a bayana. Girman kansa ya cinye mana abincin mako biyu ko fi.

Ranar da ya faɗo, dami ɗaya ne a hannunsa, ƙarami, ɓera ya ci gefensa. Na sussuke shi ina mitar me ya sa ya zaɓo mummuna. Mutumin da ya yi shekaru yana hawan tsanin nan ko ido a rufe. Ban san yadda aka yi ya faɗo ba, kuma ba zan tambaya ba.

Laraba, da safe.

Na fita. Mun yi lilo, mun yi ƙugu, mun buɗe ƙofa mun rufe. Na tayar da turmi, ya ce wash, na ce sannu. Ni ma na zama 'yar wasan.

Asabar, bayan la'asar.

Kamilu ya zo da zumuɗinsa. Ya sa Malam ya yi komai daga farko, ya tafa hannu, ya ce, "Wallahi ƙafar nan ta fi tawa. Yaya Luba, kawo turmi, yau sai rumbu."

Na ji bakina yana cewa, "A bari tukuna, jiya ta kumbura."

"Wace ƙafar?"

"Ta kumbura na ce maka. Kai ka kwana da ita ko ni?"

Ya dubi gwiwar da ba ta da ko ɗigon kumburi, ya dube ni, ya dubi rumbu. Kamilu ba wawa ba ne. Ya ce, "Haka ne, jijiya ba a yi mata gaggawa." Malam yana zaune yana kallon ƙasa. Da zai tafi ya kwance wani ƙulli daga bayan babur, garin rogo ne, ya ce tsarabar yara ce. Yaushe aka fara yi wa yara tsarabar garin rogo? Na karɓa, kunya kamar in nutse.

Na yi wa ƙanena ƙarya saboda mutumin da bai ga darajar faɗa min gaskiya ba. Haushin kaina ya fi haushinsa yawa yau.

Talata, da azahar.

Kwaɗon tafasa da ƙuli. Auta ya tambaya ko azumi ya zo.

Alhamis, bayan la'asar.

Na juye buhu na karkaɗe shi a kan faifai. Abin da ya fito na dama kunu, na ba yara da Inna. Na ninke buhun na sa a ƙarƙashin gado. Gero ya fitar da kai amma bai yi ido ba, ko tumu ba a samu tukuna. Malam ya ga buhun a ninke. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ce ko na ga hularsa. Tana kansa.

Juma'a, da hantsi.

Ya fito da asuba ya ce, "Ina turmin?" A tsakar gida ya faɗa, ba a bayan ɗaki ba, ina jin kansa ya ɗaure ne. Na ce, "Turmi ya huta, Malam. Ba abin da za a daka, ba abin da za a tsallaka." Na faɗa da ƙarfi, ban yi niyya ba, ko kuma na yi.

Sai muka ji muryar Inna daga bakin ɗakinta. "Nababa."

Sunan kakansa ya ci, shi ya sa take kiransa haka. Ya ce, "Na'am, Inna."

"Zo nan. Kuma ka daina jan ƙafar nan. Ina jin takunka in za ka masallaci, ina jin takunka in yarinyar nan ta ɗauko turmi. Kamar ba mutum ɗaya ba."

Ya je ya tsuguna a gabanta. Tsugunno sosai, har ƙasa.

Ta ce, "Ni na ce ka dawo min da ɗana ko da mene ne. Ka dawo da shi, Allah ya yi maka albarka. To me kake ɓoyewa, wa kake ɓoye wa? Kaji ma sun daina kiwo a gindin rumbun nan."

Ya ce, "Rumbun Baba ne, Inna. Tun da na yi wayo bai taɓa..."

"Ya taɓa. Shekarar fari kana goye a bayana. Ubanka ya ɗauki fartanya ya yi ƙwadago a gonakin mutane har kaka ta zo. Bai kwanta a katifa ya bar mata da yara suna lissafin buhu ba."

Ban taɓa ganin Malam ya yi ƙanƙanta haka ba. Duk haushin da na tara na neme shi na rasa inda na ajiye. Sai ga Muntaka ya fito daga ɗakinsa, ashe yana ji. Ya zo ya zube a bayan yayansa, ya kifa kai a gwiwa, ya fashe da kuka irin na manya, mai fitowa daga ciki. Yana cewa, "Yaya, ni ne. Ni na jawo." Malam bai juya ba, ya miƙa hannu baya ya dafa kansa, ya ce, "Rufe min baki, sakarai."

Na shige madafa. Ba abin da zan dafa, amma nan ne wurin da ba a bin mutum.

Asabar, bayan asuba.

Na fito na tarar da su biyu a tsakiyar gida, fili, kowa ya dafa bango. Malam na ba da umarni. "Daga ƙugu ake saki, Muntaka, ba daga yatsu ba. Ba a jan jijiya tana sanyi. Wunin sunkuyo za mu yi, in ba ka ɗumama ba kafin azahar ka sandare." Kamar shi ya ƙirƙiro abin. Ni da na sha wahalar makonni ko kallo ban samu ba. Hure ta leƙo, ya ce mata, "Ina kwana, Hure," yana juya ƙugu. Ita ce ta ji kunya ta sauka.

Suka ɗauki fartanya. Na ce ina zuwa haka, gonarmu ai an gama maimai. Ya ce, "Gonar Alhaji Uwaisu. Yana neman 'yan ƙwadago." Bai kalle ni ba da ya faɗa. Alhaji Uwaisu da suke zama sahu ɗaya a masallaci, bara ma Malam ne ya raba rigimar iyakar gonarsa. Sandar tana jingine a zaure, ya wuce ta.

Asabar, bayan la'asar.

Sun dawo jiƙe da gumi, laka har gwiwa. Malam ya ce a ba su hatsi maimakon kuɗi, ga shi a ƙulle a gindin wani tsohon buhu, gero ne tsaba. Yara suka taso. Na ɗauko ƙwarya da sauri na tare shi, don tun safe ba abin da ya shiga cikinsu sai jiƙon garin rogo.

Ya wuce ni. Wallahi ya wuce ni kamar bai gan ni ba.

Ya ɗauko tsani ya jingina da rumbu. Ya saɓa ƙullin a kafaɗa ya hau. Ya ɗage murfi, ya ɗago gwiwar dama ya juya ta, ya tsallaka bakin sumul, ya bi da ta hagu, ya ɓace ciki. Ni ina tsaye da ƙwarya a hannu, auta na jan zanina. Na ce a raina yau sai na faɗa masa maganar da za ta kai mu gaban Inna. Yara na jin yunwa shi yana biki da rumbu.

Ya daɗe a ciki. Ba motsi. Muntaka ya riƙe tsani da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Can sai ga kansa ya fito, ido ja. Ya tsallako, ya mayar da murfi, ya sauko a hankali da ƙullin nan dai, ba ƙari ba ragi. Ya tsaya a gindin rumbu inda yake tsayawa kullum tun da aka kawo ni gidan nan, ya gyara hula, ya ce, "Luba, kawo ƙwarya. Ga awo."

Geron Alhaji Uwaisu ne, kowa a tsakar gidan ya sani, kuma ba zai kai mu jibi ba. Maganar da na shirya tana bakina. Na durƙusa na tara ƙwarya da hannu biyu, ya juye.

Na ce, "Allah ya ƙara buɗi, Malam." Sai na tashi na tayar da turmi na hau surfe.